Darasi: Yadda Mai Saye Zai Nemo Mu da Kansa

'Yan'uwa cikin Almasihu, da kaka mukan kwashi wake zuwa kasuwar Dawanau ko Ɗambatta, lokacin da farashi ya faɗi, mu wuni muna roƙon dillalai. Akwai wata hanya.

Mu adana waken cikin buhun PICS mai ninki uku. Ba a sa magani, rashin iska ne ke kashe ƙwari. Ranar ɗauri, mu kira masu ƙosai da masu alale su gani da idonsu, mu koya masu kyauta. Da bazara su ne za su zo har gida, su kawo wasu. Mu cika mudu, mu ba su lambar waya.

A karanta: Karin Magana 11:1.

Tambaya: Me muka iya da zai amfani masu sayen kayanmu?