Fasali Cikin Sadaka ga Wanda Ba Shi da Makwanci

  

Ka sani, ya kai muridi, Allah ya yi mana muwafaƙa da ni da kai, a kan hanyarka ta zuwa wazifa da asuba akwai mutane kwance a rumfunan kasuwa da bakin tasha. Cikinsu akwai matafiyin da guzuri ya yanke masa, da wanda fitina ta raba shi da garinsu, da wanda ruwa ya ci gidansa, kamar mutanen Maiduguri da madatsar Alau ta ɓalle musu a watan Satumba na 2024. Haƙƙinsu shina bisa wuyan maƙwabta.

Dubi yadda aka yi a Madina. Bayan an juya alƙibla, a shekara ta 2 ta Hijira, an yi rumfa a bayan masallaci, ita ce Suffa. Nan waɗanda ba su da gida ko dangi suke kwana, wani lokaci su kai mutum 70. Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, cikinsu ya zauna bayan zuwansa a shekara ta 7. Mutanen Madina sukan rataye zangarniyar dabino a masallaci, mai jin yunwa ya ci ba sai ya roƙa ba. Da dare kuwa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, yakan rarraba su ga sahabbai, kowa ya tafi da wanda akushinsa zai ɗauka. Ka lura, inuwa aka fara ba su, kana tuwo, kana karatu. Wanda ya samu sana'a ko aure sai ya tashi, wani ya maye gurbinsa.

To, kadan ka yi nufin bayarwa, fara da sallama, ka zauna, ka tambayi mutum sunansa da abin da ya fito da shi. Zama wani bargo yake bukata saboda hunturu, wani magani, wani kuɗin mota kaɗai ya koma ga danginsa. Sau da yawa mukan kai tuwo ga wanda sanyi ke kashewa, mu dawo muna jin daɗin kanmu. Wannan kuwa rabon rai ne, sai muridi ya yi hattara da shi.

Mas'ala: malamanmu na Malikiyya sun halatta a bai wa fakiri ɗaya zakka wadda za ta ishe shi shekara, ko da ta wuce nisabi. Sun ce kuma a raba ta inda ta wajaba, sai fa in an sami waɗanda suka fi bukata a wani wuri. Saboda haka 'yan zawiya su haɗa abin hannunsu wurin muƙaddami, su kama wa mutum guda ɗaki na shekara, su ba shi jarin da zai juya. Ya fi a watsa kwabbai ga mutum ɗari, gobe a same su inda aka bar su.

Mai zaure ya share shi, ya shimfiɗa tabarma, amma ya sanar da mai unguwa wanda ya sauka. Mace kuwa a kai ta cikin gida wurin mata. Wanda hankalinsa ya taɓu a kai shi asibiti, kada a ɗaure shi. Kada a ɗauki hoton mai karɓa, kada kuma a sharɗanta masa shiga ɗariƙa kafin a ba shi.