Borrow da Lend a Mizanin Aro da Rance: Tsokaci kan Ingilishin Ɗaliban Ikara, Makarfi da Kudan

Tsakure

Maƙalar ta dubi bambancin ma'ana tsakanin aikatau biyu na Ingilishi, borrow da lend, da dalilin da ya sa suke rikita ɗalibai Hausawa. Ta nuna cewa harsunan biyu ba a gaɓa ɗaya suka sa wuƙa ba: Ingilishi ya kula da inda abu ya dosa, Hausa kuwa ta kula da abin da za a mayar, ta bar wa tsarin giredin aikatau sauran aikin.

1.0 Gabatarwa

A ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan, Hausa ce harshen gida da kasuwa da masallaci, Ingilishi kuwa galibi sai a aji ake cin karo da shi. Daga cikin jimlolin da kunnen malamin sakandare ya saba da su a wannan yanki akwai "borrow me your biro". Malami kan gyara, ɗalibi ya amsa, gobe a maimaita. Lamarin bai tsaya ga asarar maki a jarrabawar WAEC ko NECO ba. Yanki ne na noman rake da tumatir da barkono, inda manomi kan karɓi kuɗi a hannun ɗan kasuwa kafin amfani ya nuna. Idan ɗan makarantar da aka sa ya rubuta takardar shaida ya rubuta "I borrowed him the money", jimlar ba ta fayyace wa mai karatu da daidaitaccen Ingilishi wane ne mai bin bashi ba, alhali don wannan kaɗai aka yi takardar.

2.0 Abin da Ingilishi Ya Bambance

Aukuwa ɗaya ce kalmomin biyu suke bayyanawa: abu ya bar hannun wani zuwa hannun wani bisa sharaɗin mayarwa. Idan aikau shi ne mai bayarwa, lend ake amfani da ita. Idan shi ne mai karɓa, sai borrow. Shi ya sa lend take tafiya da to, borrow kuma da from. Haka nan lend kan ɗauki karɓau biyu, kamar a "Lend me your bicycle". A tsohon Ingilishi asalin borrow yana da nasaba da kalmar da ke nufin jingina ko lamuni. Ko keke ne, ko kuɗi, ko kwanon gero, duk ɗaya ne a wurin Ingilishi.

3.0 Abin da Hausa Ta Bambance

A wurin Bahaushe ba ɗaya ba ne. Wanda ya karɓi garma ko amalanke don ɗauko rake daga fadama ya yi aro, domin ainihin abin zai mayar. Wanda ya karɓi kuɗin taki ko buhun masara ya yi rance, domin abin zai ƙare a hannunsa, madadinsa zai biya. Wannan rabe-rabe ya yi daidai da na malaman fiƙihu tsakanin ariya da ƙardi, kuma duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a makarantar zaure ya san hukuncinsu ya sha bamban. Gaskiya ne a maganar yau da kullum ana jin "aron kuɗi", musamman a bakin matasa, amma da wuya a ji wani ya ce ya ranci keke. (Abin sha'awa, masana da kansu sun raɗa wa kalmomin da Hausa ta samo daga Larabci da Ingilishi suna "kalmomin aro", ga shi kuwa babu ranar mayar da su.)

To, ina Hausa take nuna mai bayarwa da mai karɓa? A nan tsarin giredi na Parsons (1960), wanda Newman (2000) ya faɗaɗa bayaninsa, yake da amfani. Saiwa ɗaya ce, giredin ne yake sauyawa:

(1) Audu ya ari keke.
(2) Audu ya are shi.
(3) Audu ya ara wa Tanko keke.
(4) Audu ya ranci kuɗi.
(5) Audu ya ranta mini kuɗi.

A misali na (1) da (2) da (4) aikatau yana giredi na biyu, mai ƙarewa da -i gaban suna, da -e gaban wakilin suna. Audu ne mai karɓa, don haka borrow ce fassararsa. A (3) da (5) aikatau yana giredi na ɗaya, yana biye da karɓau kaikaitau. Audu ne mai bayarwa, fassarar kuma lend ce. Ashe ke nan ra'ayin da wasu malamai suke da shi, cewa Hausa ba ta bambance borrow da lend, bai inganta ba. Tana bambancewa sarai, sai dai da wasalin ƙarshe da karin sauti take yi, ba da sabuwar kalma ba. Irin wannan ne ake gani a saya da sayar, da kuma koyi da koya wa.

Akwai wani abu da bai kamata a tsallake ba. Aikatau ara na giredi na ɗaya yana da karin sama-ƙasa, na giredi na biyu kuma ƙasa-sama. Daidaitacciyar ƙa'idar rubutu ba ta nuna kari, saboda haka a takarda kalma ɗaya ɗalibi yake gani. A jimlar umarni kuwa, giredi na ɗaya yakan koma ƙasa-sama, sai "ara mini" ta fito da karin da ya yi daidai da na ɗan'uwansa. Jimlar roƙo ita ce wadda ɗalibi ya fi furtawa a aji, kuma a cikinta ne ko kunne ba ya jin bambancin. Ɗalibin da aka koya wa cewa ara ita ce borrow ya bi abin da aka ba shi ne, sai ya haifar da "borrow me".

Giredi na shida ya ƙara haskaka matsalar. "Aro mini keke" na nufin a je wurin wani a karɓo. Idan har Bature zai ba wa "borrow me a bicycle" wata ma'ana, wannan ce zai ba ta, ba wadda ɗalibin yake nufi ba.

4.0 Iyakar Tasirin Harshen Uwa

Ra'in kwatanta harsuna na Lado (1957) zai ɗora laifin duka a kan harshen uwa, amma hakan ya yi sauƙi da yawa. Ana jin "borrow me" a Legas da Fatakwal kamar yadda ake jin ta a Hunkuyi. Yarabanci yana da aikatau ɗaya, yá, mai ɗaukar ma'anonin biyu. Haka leihen take a Jamusanci, kuma a jihohin Minnesota da Wisconsin na Amurka, inda Jamusawa da mutanen arewacin Turai suka yi kaka-gida, ana jin wannan gini a bakin waɗanda Ingilishi ne harshensu na farko. Ɗalibin Makarfi yana samun ginin ta hanya biyu: daga nahawun harshensa, da kuma daga Ingilishin Nijeriya da yake ji a waya da fina-finai, wani lokaci har daga bakin malaminsa.

Wannan ne ya sa gyaran "ba a cewa haka" ba ya kama jiki. Abin da ya fi dacewa shi ne a sa ɗalibi ya fara gina jimlar da Hausa. Idan wa, ko mini, ko masa ta biyo bayan ara ko ranta, lend ce. Idan aikatau ya ƙare da -i ko -e, ko kuma ana iya ƙara "daga wurin wane", borrow ce. Mai fassara daga Ingilishi zuwa Hausa kuwa tambayarsa daban ce. Idan ya ci karo da labarin banki da manoman tumatir na Ikara, kalmar lend ba za ta gaya masa aro ne ko rance ba, sai ya dubi abin da aka bayar. Injin ban-ruwa ana ara wa manomi, kuɗin sayen mansa kuwa ranta masa ake yi.