Amsoshin Tambayoyinku: Ɗakunan Karatun da Ba Littattafai Kaɗai Suke Ajiyewa Ba

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya, wai da gaske akwai ɗakin karatun da ba littafi ake zuwa nema a cikinsa ba?

To Malam, da gaske ne, kuma suna da yawa. A birnin Versailles na Faransa akwai Osmothèque, wanda aka buɗe a 1990. Turare ake adanawa a can, har da waɗanda aka daina sayarwa tuntuni, sai a sake haɗa su bisa tsarinsu na asali, baƙo ya zo ya shinshina. A Jami'ar Cornell ta Amurka kuwa, ɗakin Macaulay kukan tsuntsaye da na dabbobi yake tarawa, aikin da ya faro tun 1929.

Amma wanda ya fi ɗaure mini kai yana ƙasar Norway. A 2014 aka dasa itatuwa 1,000 a wani daji kusa da Oslo. Kowace shekara marubuci ɗaya yakan miƙa rubutunsa, a kulle shi, ba mai karantawa sai 2114, lokacin da za a sare itatuwan a yi takardar buga littattafan. Margaret Atwood ta Kanada ce ta fara. Ka ga ke nan, mu dai ba rabonmu ba ne, sai jikoki ko tattaɓa-kunne.

A Denmark ma, tun 2000 ake aron mutum sukutum maimakon littafi: ka zauna da shi, ka yi masa tambayoyi kan rayuwarsa, lokaci ya cika ku yi sallama.