Ƙarfin Aro: Diflomasiyyar ECOWAS a Gambiya da Nijar

A ranar 19 ga Janairu 2017, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2337, yana mara wa ECOWAS baya a kan Yahya Jammeh, wanda ya ƙi sauka bayan ya sha kaye a zaɓen Gambiya. Kwana biyu kacal bayan haka ya bar ƙasar. Akan kafa hujja da wannan nasara wajen nuna ƙarfin ƙungiyar, alhali mafi yawan ƙarfin na aro ne: Tarayyar Afirka ta goya baya, Tarayyar Turai kuma ta zuba kuɗi a rundunar ECOMIG. Ga shi kuma Senegal ta kusan zagaye Gambiya baki ɗaya.

Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 ne ya tona wannan asiri. ECOWAS ta ba sojoji wa'adin kwana bakwai, amma ba ta sami irin wancan ƙuduri ba, Majalisar Dattawan Nijeriya ma ta ƙi amincewa da amfani da ƙarfin soja. Rufe iyaka ya gallabi fataken Maraɗi da na Katsina, waɗanda harshe da auratayya suka haɗa, har aka janye takunkumin a Fabrairun 2024 ba tare da an saki Mohamed Bazoum ba.