Kiɗa Mai Taushi Ga Mai Ciwon Zuciya

Ya kai maigida, in an kwantar da ɗan'uwanka a asibiti saboda ciwon zuciya, akwai taimakon da za ka iya yi masa ba da kashe ko kwabo ba.

Ka sani zuciyar baligi mai lafiya takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya in yana hutawa. In tsoro ya kama mutum, sai ta ƙara sauri, jini ya hau, numfashi ya yi sama-sama. To, zuciyar da ta riga ta raunana ba ta son wannan wahala. Jakin da ya gaji ba a ƙara masa kaya. Ga shi kuwa maras lafiya a asibiti ba ya rabuwa da zulumi: baƙon wuri, ga allura, ga tunanin gida da gona.

A shekarar 2013 waɗansu masana a Amurka suka tattara gwaje-gwaje 26 da aka yi a kan masu ciwon zuciya 1,369. Suka ga sauraron kiɗa yakan rage fargaba, ya sassauta bugun zuciya da numfashi. Amfanin ya fi yawa in maras lafiya ne ya zaɓi abin da zai ji.

Ga yadda za ka yi:

1. Ka fara neman izinin likita ko nas.
2. Ka tambayi maras lafiya abin da ransa ke so. Kada ka zaɓar masa.
3. A sa mai taushi, kamar molo ko sarewa. A bar kalangu da gangar biki sai an koma gida.
4. A sa a waya ko rediyo, murya ƙasa-ƙasa, kamar minti 20 zuwa 30. Ka tuna akwai waɗansu a kwance kusa da shi.
5. Masu dubiya su rage surutu, kada a kawo masa labarin tashin hankali.
6. In ya ce ya isa, a kashe.

Amma fa ka lura, kiɗa ba ya maye gurbin magani. Kada ya bar shan ƙwayoyin da likita ya ba shi. In ƙirjinsa ya ɗau ciwo, ko numfashi ya gagara, ko gumi mai sanyi ya keto masa, maza ka kira nas, kada ka tsaya jira.

Allah ya ba shi lafiya, amin.