Yadda Ake Tantance Faiba Kafin A Haɗa Layin Nesa

A jikin 'yar na'urar nan ta SFP, mai aikawa da karɓar haske a bakin layin faiba, wadda tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, kamfani yakan buga lamba: 10km, 40km ko 80km. Sabon shiga a aikin faiba da ya ga 40km sai hankalinsa ya kwanta, tunda tsakanin ofisoshi biyun da zai haɗa kilomita 35 ne kacal. A soka na'ura nan, a soka can, fitilar suwic ta ƙi kamawa. Ko ta kama yau, bayan wata uku ta fara ɗaukewa tana dawowa. Tsofaffin hannu haske suke ƙirgawa: nawa ya fita, nawa hanya ta ci, nawa ya isa.

Daga jikin wayar ake farawa. Faiba iri biyu ce. Akwai mai hanya ɗaya, wadda ma'aikata ke kira singul-mod, cibiyar gilashinta kimanin maikron 9, ta fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Akwai kuma mai hanyoyi da yawa, mai cibiyar maikron 50 ko 62.5, wadda a gudun gigabit 10 ba ta wuce mita 300 zuwa 400. Layin nesa na ta farkon ne. A cikin ɗakin na'urori launi yana taimakawa: singul-mod rawaya ce, ɗayar kuwa ruwan lemo ko shuɗi-shuɗi mai haske. Amma wayar da aka binne ko aka rataya a turaku baƙa ce ƙirin, don haka sai a goge ƙasar da ke jikinta a karanta rubutun da aka buga.

Abin da ake fatan gani shi ne G.652.D, ma'aunin hukumar sadarwa ta duniya ITU, wanda akasarin layuka ke kansa. G.657.A, mai jure lanƙwasa, 'yar gida ɗaya ce da ita, ana haɗa su ba gardama. Idan aka ci karo da G.655 a wani sashe na hanya, haɗin zai yiwu, sai dai mahaɗar za ta ci haske fiye da kima saboda faɗin hasken cikinsu ya bambanta. Tsohuwar G.653 kuwa ba ta jituwa da tsarin DWDM, mai cusa launukan haske da yawa a zare ɗaya. A san da zamanta tun kafin a sayi kaya.

Daga nan sai na'urorin bakin layi. Dole biyun su yi magana da harshe ɗaya: gudu ɗaya, tsawon zangon haske ɗaya. A gigabit 10, LR tana aiki da nanomita 1310 zuwa kilomita 10, ER da 1550 zuwa kilomita 40, ZR da 1550 zuwa wajen 80. Masu aiki da zare ɗaya tak, wato BiDi, bibbiyu ake sayensu kamar takalmi: idan ta nan tana aikawa da 1270 tana karɓa da 1330, ta can akasin haka za ta yi. Wanda ya kwaso iri ɗaya guda biyu ya sayi ƙafar dama biyu. A kuma tambayi dillali ko suwic ɗin zai karɓi na'urar, domin wasu kamfanoni suna kulle kayansu ga SFP ɗin da ba nasu ba.

Kan haɗi ma da launinsa. Shuɗi UPC ne, bakinsa a miƙe. Kore APC ne, an goge bakinsa a karkace da digiri 8. Ba a soka kore cikin shuɗi, don gilashin ba zai zauna daidai ba, kuma yana iya ƙarzuwa. Yawancin SFP shuɗin kan haɗi samfurin LC suke karɓa. Kafin kowane sokawa a leƙa bakin da madubin dubawa, a goge da alƙalamin gogewa, a sake leƙawa. Wanda ya yi aiki a Kano ko Sakkwato lokacin hunturu ya san ƙura ba ta neman izini, kuma ƙwaya ɗaya ta isa ta rufe cibiyar maikron 9. Ba a leƙa zare da ido tsirara: hasken ba ya ganuwa, amma yana ƙona ido.

Yanzu a zo ga lissafi, inda aikin yake. A ɗauki layin nan na kilomita 35 a kan 1550. Kowace kilomita tana cin kimanin desibel 0.25 idan an yi lissafin taka-tsantsan, jimla 8.75. Idan waya ta zo a naɗi mai kilomita huɗu-huɗu, naɗi tara ke nan, mahaɗa takwas, a ƙara biyu na bakin layi su zama goma. Kowace mahaɗa walda ce, a ba ta 0.1, an sami desibel 1. Kan haɗi biyu a 0.5 kowanne, wani desibel 1. Hanya ta ci 10.75 ke nan.

To, me ER ke da shi a aljihu? A takardar bayanan Cisco, mafi ƙarancin hasken da take fitarwa -4.7 dBm ne, mafi raunin da take iya ji -15.8. Tsakaninsu desibel 11.1. A takarda layin zai tashi, da rarar da ba ta kai rabin desibel ba. Amma ana ware desibel 3 na ko-ta-kwana, saboda na'ura tana tsufa, kuma duk ranar da katafilar masu gyaran titi ta tsinke waya, gyaran yakan ƙara walda biyu. Buƙata ta koma 13.75, ER ta gaza duk da 40km ɗin da ke goshinta.

Sai a koma ZR, mai desibel 24. Nan kuma wata matsalar ke jira. ZR tana iya fitar da haske har +4 dBm, alhali idonta ba ya jure abin da ya wuce -7. A cire 10.75 daga 4, saura -6.75: haske ya yi mata yawa, kamar mai kallon rana. Maganin ɗan marage-haske ne na desibel 5, a soka shi a bakin karɓa. Abu ne mai araha, rashinsa kuwa yana iya kashe na'ura mai tsada. Saboda haka ne ma ba a gwada ZR biyu a kan tebur da guntuwar waya.

Idan layi ya doshi kilomita 80, kamar tazarar Kaduna da Zariya, sai a duba bajewar haske. A G.652, kan 1550, sigina tana bajewa da kimanin fikosakan 17 a kowace nanomita a kowace kilomita, wato 1,360 a kilomita 80, yawancin ZR kuma iyakarsu wajen 1,600. A tuna waya ta fi titi tsawo, saboda rarar da ake naɗewa a kowane rami.

Lissafi hasashe ne, awo ke tabbatar da shi. A ɗaura OTDR, na'urar da ke nuna asarar haske a tsawon zare, da wayar share fage a gabanta, a auna da 1310 da 1550, daga wannan baki sannan daga wancan. Mahaɗar da ta nuna kamar haske ya ƙaru ba abin murna ba ce. Alama ce ta zare iri biyu sun haɗu, kuma matsakaicin awon ɓangarorin biyu shi ne gaskiyar asarar. Wurin da 1550 ta yi asara fiye da 1310 sosai, lanƙwasa ce: wani ya matse waya a akwati ko ya ɗaure ta tamau. Bayan OTDR a sa fitilar gwaji a baki ɗaya, mitar haske a ɗayan, a kwatanta abin da aka samu da 10.75 ɗin takarda.

In layi ya tashi, a shiga suwic a karanta DDM, inda SFP ke faɗin hasken da take fitarwa da wanda take karɓa. A rubuta lambobin bakin biyu da kwanan wata, a liƙa a ƙofar akwatin na'urori, a adana hoton OTDR. Ranar da aka bugo waya cikin dare cewa layi yana ɗaukewa, mai gyara zai ga -12 a takardar, ya ga -19 a allo, ya ɗauki OTDR ya fita neman inda desibel bakwai suka maƙale.