ATISHAWA BA SHAIDA BA CE

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata magana da ta yaɗu a bakin jama'a a birnin Kano, a zauruka da rumfunan Kasuwar Kurmi. Idan mutum yana ba da labari ko yana rantsuwa a kan ciniki, wani ya yi atishawa, sai a ce atishawa ta gaskata shi. Har wasu kan jingina wannan ga Manzon Allah (S.A.W.).

Malamai sun daɗe da warware wannan. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya bayyana a littafinsa Al-Manarul Munif cewa hadisin da ake kawowa a kan haka ƙarya ne. Hujjarsa kuwa ita ce ido yana ganin maƙaryaci na zuba ƙarya ana atishawa a gabansa. Ashe mai sayar da yaji ba zai taɓa rasa shaidu ba!

Abin da ya inganta shi ne ruwayar Buhari daga Abu Huraira, mai nuna Allah yana son atishawa yana ƙin hamma. Mai atishawa ya gode wa Allah, wanda ya ji ya roƙa masa rahama, shi kuma ya mayar da addu'ar shiriya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) yakan rufe fuskarsa da hannu ko tufa, ya sassauta sauti.

Likitoci sun bayyana yadda take faruwa. Idan ƙurar hunturu ko hayaƙi ko barkono ya taɓa cikin hanci, jijiya takan kai saƙo ga ƙwaƙwalwa, ita kuma ta umarci ƙirji da ciki su tunkuɗo iska da ƙarfi don fitar da abin, ba tare da mutum ya yi niyya ba. Zancen da ake yi cewa zuciya takan tsaya a lokacin ba gaskiya ba ne. Amma toshe hanci da baki gaba ɗaya don danne ta yana da haɗari: a 2018 likitocin birnin Lesta na Ingila sun ba da rahoton wani mai shekara 34 da ya yi haka maƙogwaronsa ya yage.

Hikimar rufe fuska kuma a fili take. Tarin fuka da mura da sanƙarau duk suna bin feshin da ke fita daga hanci da baki, kuma Kanawa ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba. Wanda ya rufe fuskarsa a sahun masallaci ya bi sunna, ya kuma kare ɗan'uwansa.

Saboda haka, wajibi ne Musulmi ya daina karɓar magana don an yi atishawa a kanta. Shari'a ta ɗora hujja a kan mai da'awa, rantsuwa a kan wanda ya musa, kuma jingina wa Annabi abin da bai faɗa ba babban zunubi ne. Allah Ya kiyaye, amin.